Awo a Kimiyya da Kasuwannin Fagge da Sabon Gari

Awo shi ne gwada girman wani abu da wani sanannen girma da mutane suka amince da shi, wanda ake kira ma'auni. Duk sakamakon awo yana da sassa biyu, wato lamba da ma'auni. Idan mai shago a kasuwar Kantin Kwari ya ce wa mai saye "shida" kawai, maganar ba ta cika ba har sai ya faɗi ko yadi shida ne ko mita shida, domin bambancin da ke tsakanin biyun ya haura rabin mita. A kan awo kimiyya ta ginu, kuma a kansa ciniki ya dogara. A ƙaramar hukumar Fagge ta jihar Kano, inda kasuwannin Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari suke, ana aiki da tsarin awo iri uku a lokaci guda: na gargajiya irin su mudu da kwano, na Ingila irin su yadi da inci, da kuma tsarin mita, wanda shi doka ta amince da shi kuma shi ake koyarwa a makarantu.

Matsayin awo a kimiyya

Kimiyya hanya ce ta neman sanin yadda abubuwa suke ta hanyar lura da gwaji. Mai bincike yana lura da abu, ya yi tambaya a kansa, ya kawo hasashen amsa, sannan ya shirya gwajin da zai tabbatar da hasashen ko ya ƙaryata shi. Sharaɗin gwaji na kimiyya shi ne wani mutum dabam ya iya maimaita shi a wani wuri ya sami sakamako iri ɗaya. Wannan ba zai yiwu ba sai da awo. Idan aka ce "ruwan ya yi zafi sosai", kowa da yadda zai fahimta. Idan kuwa aka ce zafinsa digiri 80 ne a ma'aunin Selshiyos, ɗalibi a Kano da ɗalibi a Tokyo za su iya dafa ruwa ya kai wannan matakin ba tare da sun taɓa ganin juna ba.

Duk abin da ake iya aunawa a ba shi lamba, kamar tsawo da lokaci da zafi da gudu, ana kiransa adadin da ake aunawa. Abin da ake riƙewa a hannu a yi awon da shi, kamar tef ko sikeli ko agogo, shi ne kayan awo. A Hausar yau da kullum kalmar ma'auni tana ɗaukar ma'ana biyu, kayan awon da kuma girman da aka amince da shi. A wannan maƙala an yi amfani da ita a ma'ana ta biyu.

Rassan kimiyya da abin da kowanne ke aunawa

Ana raba kimiyyar da ke nazarin halitta zuwa manyan rassa.

Fiziks yana nazarin motsi da ƙarfi da kuzari da haske da sauti da lantarki. Shi ne reshen da ke samar da ma'anar ma'aunan da sauran rassa ke amfani da su.

Kimiyyar sinadarai tana nazarin abin da abubuwa suka ƙunsa da yadda suke haɗuwa su rikiɗa. Mai haɗa sabulu ko mai rini yana aiki da ita duk lokacin da ya auna sinadari kafin ya zuba.

Kimiyyar halittu tana nazarin abubuwa masu rai, wato tsirrai da dabbobi da mutane da ƙananan ƙwayoyin halitta. Awon zafin jiki da bugun zuciya da yawan jini a asibiti duk daga nan suka samo tushe.

Kimiyyar ƙasa tana nazarin duwatsu da ƙasar noma da ruwa da yanayi, ilimin taurari kuma yana nazarin rana da wata da sauran abubuwan da ke sararin samaniya.

Baya ga waɗannan akwai lissafi, wanda shi ne harshen da ake rubuta sakamakon awo da shi, da kimiyyar zamantakewa kamar ilimin tattalin arziki, da kimiyyar aikace kamar injiniyanci da likitanci da aikin gona.

Fagge da Sabon Gari

Fagge tsohuwar unguwa ce a wajen ganuwar birnin Kano, inda fataken da ke zuwa daga Azbin da sauran sassan Sahara suke sauka da raƙumansu. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, an kafa Sabon Gari a wajajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudancin Najeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. A yau duka biyun suna cikin ƙaramar hukumar Fagge, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum 198,828. Kantin Kwari ta shahara da atamfa da shadda da yadi, Singa da kayan masarufi na sari, kasuwar Sabon Gari kuma, wadda sunanta na hukuma shi ne Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ana samun kusan komai a cikinta. Haɗuwar fatauci na dā da kantunan Turawa da baƙi daga kudu ita ta sa ma'aunai iri-iri suka taru a wannan yanki.

Ma'aunan gargajiya

Kamar sauran al'ummomin duniya, Hausawa sun fara awon tsawo da sassan jiki. Taƙi shi ne faɗin buɗaɗɗen hannu daga babban yatsa. Kamu, wanda malamai ke kira zira'i, daga gwiwar hannu ne zuwa ƙarshen yatsa na tsakiya, kuma da shi masaƙa da masu sayar da tufa suke awo. Gaba ita ce tsawon hannuwa biyu idan aka miƙe su, da ita ake faɗin zurfin rijiya da tsawon igiya. Fatake kuma suna lissafin nisan tafiya da zango.

A awon hatsi ana amfani da mudu da tiya da kwano, masu wannan sana'a kuma su ne ma'auna. Galibi ana ƙiyasta babban buhun hatsi da kwano 40, nauyinsa kuma kusan kilo 100, wato kwano ɗaya kusan kilo biyu da rabi. Ga mai sayen kaɗan akwai gwangwanin madara, masu garin rogo kuma sukan auna da robar fenti. Gishirin Bilma da raƙuma ke kawowa ana sayar da shi a kantu, wato dunƙule mai siffa sananniya, sai a ƙirga shi maimakon a auna.

Wasu ma'aunan sun shigo ta hanyar fiƙihu. Sa'i ɗaya mudun Annabi huɗu ne, kuma shi ne adadin zakkar fidda-kai na mutum ɗaya. Wusƙi ɗaya sa'i 60 ne, nisabin zakkar hatsi kuma wusƙi biyar, wato sa'i 300. Zinariya ana aunawa da miskali, wanda a yau ake lissafa shi da kusan giram 4.25, shi ya sa nisabinta na miskali 20 yake kamawa giram 85.

Waɗannan ma'aunai suna da sauƙi, domin kowa yana tafe da hannunsa kuma kwano ba shi da tsada. Rauninsu shi ne ba su da tsayayyen girma. Kamun dogon mutum ya fi na gajere, mudun wata kasuwa ya fi na wata, kuma ko a kwano ɗaya akwai bambanci tsakanin wanda aka share bakinsa da wanda aka tula wa hatsi ya yi tudu. Al'adar gyara, wato ɗan ƙarin da mai awo ke yi wa mai saye, tana rage gardama amma ba ta kawar da wannan rauni.

Ma'aunan Ingila da zuwan sikeli

Da cinikin gyaɗa ya bunƙasa bayan zuwan jirgin ƙasa, kamfanonin Turai da dillalansu sun riƙa sayen gyaɗa da fata da auduga bisa sikeli, suna lissafi da fam da tan. Tan ɗaya na Ingila fam 2,240 ne, wato kusan kilo 1,016. Manomi ya saba da mudu, kamfani kuma da nauyi yake saye, don haka dillalin da ya san yadda ake juya ɗaya zuwa ɗaya shi ke riƙe da ciniki. A wannan zamani ne yadi da ƙafa da inci da galan suka zauna a bakin mutane.

A 1959 ƙasashen da ke amfani da waɗannan ma'aunai suka daidaita su da tsarin mita. Tun daga lokacin yadi ɗaya mita 0.9144 ne daidai, inci ɗaya santimita 2.54, fam ɗaya kuma kusan giram 454. Galan dai bai zama ɗaya ba har yau: na Ingila kusan lita 4.55 ne, na Amurka kuma kusan lita 3.79.

Tsarin mita da SI

An ƙirƙiro tsarin mita a Faransa a shekarun 1790. Masana sun yanke cewa mita ɗaya ita ce kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba duniya biyu. Delambre da Méchain suka auna nisan Dunkirk zuwa Barcelona domin fitar da wannan lissafi, a 1799 kuma aka ƙera sandar mita ta ƙarfen filatinom. Ranar 20 ga Mayu 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a Yarjejeniyar Mita a birnin Paris, wadda ta kafa ofishin kula da ma'aunai na duniya a garin Sèvres. Saboda haka ne ake bikin ranar awo ta duniya a kowace 20 ga Mayu. A 1960 aka amince da Tsarin Ma'aunai na Duniya, wanda ake taƙaita sunansa da SI daga harshen Faransanci.

SI yana da ma'aunai bakwai na tushe:

Tsawo: mita, alamarta m.
Mas, wato yawan abin da jiki ya ƙunsa: kilogiram, kg.
Lokaci: daƙiƙa, s.
Kwararar lantarki: amfiya, A.
Zafi: kelbin, K.
Yawan ƙwayoyin sinadari: mol, mol.
Ƙarfin haske: kandela, cd.

Da farko wasu daga cikinsu sun dogara ne da abin da ɗan Adam ya ƙera. Daga 1889 kilogiram shi ne wani dunƙulen filatinom da iridiyom da ke ajiye a Sèvres. Bayan shekaru an gano cewa shi da kwafinsa sun ɗan saɓa wa juna, wato matsalar mudu ce ta sake bayyana a ƙaramin mataki. Don haka aka koma jingina ma'aunai da abubuwan da ba sa canzawa a halitta. Tun 1967 daƙiƙa ita ce lokacin da wani haske na ƙwayar zarrar siziyom 133 ke kaɗawa sau 9,192,631,770. Tun 1983 mita ita ce nisan da haske ke ci a sararin da babu iska cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. Daga 20 ga Mayu 2019 aka jingina kilogiram da tsayayyar lambar Planck, mol ɗaya kuma ya zama ƙwayoyi 6.02214076 × 10²³ daidai.

Daga ma'aunai bakwai ɗin ake haɗa sauran. Faɗin fili tsawo ne sau tsawo, wato murabba'in mita. Gudu nisa ne a raba da lokaci. Ƙarfi ana aunawa da niyuton, kuzari da jul, saurin cin kuzari kuma da wat. Tsarin yana tafiya da goma-goma: kilo na nufin sau dubu, santi kashi ɗaya cikin ɗari, mili kashi ɗaya cikin dubu. Wannan ne ya sa lissafinsa ya fi na Ingila sauƙi, inda inci 12 ke yin ƙafa ɗaya, ƙafa 3 kuma yadi ɗaya.

Tsawo da faɗin fili

A Kantin Kwari yadi ne ya fi yawa a baki. Turmin atamfa yadi shida ne, wato kusan mita 5.49. Wasu kayan da ake shigowa da su kuwa da mita masana'anta ke lissafa su. Mita 100 sun kai yadi 109 da ɗoriya, yadi 100 kuma mita 91.44 ne kawai. Ɗan kasuwar da ya sari kaya da mita ya sayar da yadi dole ya san wannan bambanci kafin ya yanke farashi, haka ma mai sayen da aka faɗa wa lamba ba a faɗa masa ma'auni ba. Tela yana auna jiki da inci, tef ɗinsa kuma yana da inci a fuska ɗaya da santimita a ɗaya fuskar, don haka karanta fuskar da ba ita ba yana iya ɓata ɗinki gaba ɗaya.

A harkar filaye ƙafa ce ake amfani da ita. Fili mai ƙafa 50 da ƙafa 100 yana da faɗin kusan murabba'in mita 465. Fili mai ƙafa 100 da 100 ninki huɗu ne na mai ƙafa 50 da 50, ba ninki biyu ba, domin duka tsawo da faɗi aka ninka. Eka ɗaya kusan murabba'in mita 4,047 ce, hekta ɗaya kuma murabba'in mita 10,000.

Mas da nauyi

A kasuwa kalmar nauyi ɗaya ce, amma fiziks ya bambanta abu biyu. Mas shi ne yawan abin da jiki ya ƙunsa, kuma ba ya canzawa ko ina aka kai shi. Nauyi kuwa ƙarfin da duniya ke jan jikin da shi ne, ana aunawa da niyuton. Buhun siminti mai kilo 50 yana da nauyin kusan niyuton 490 a doron ƙasa. Da za a kai shi duniyar wata, simintin ba zai ragu ba, amma nauyinsa zai koma kusan kashi ɗaya cikin shida.

Ko a doron ƙasa jan duniya ba ɗaya ba ne. A Kano, wadda ke kusan digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, abu mai faɗowa yana ƙara gudun kusan mita 9.78 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, a Landan kuma kusan 9.81. Sikeli mai faranti biyu, wanda ake ɗora kaya a gefe ɗaya da dutsen awo a ɗaya gefen, wannan bai dame shi ba, domin jan duniya yana aiki a kan ɓangarorin biyu daidai. Sikeli mai sifirin da na lantarki kuwa ƙarfin jan suke ji. Wanda aka saita a Landan aka kawo Kano ba a sake saita shi ba zai nuna buhu mai kilo 100 ya gaza da kusan giram 300. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake saita sikeli a wurin da za a yi aiki da shi.

Cika da cunkoson jiki

Mudu da kwano da jarka ba nauyi suke aunawa ba, cika suke aunawa, wato yawan wurin da abu ya mamaye. Lita ɗaya ita ce cikar akwati mai santimita 10 a tsawo da faɗi da zurfi, lita 1,000 kuma su ne cikar akwati mai mita ɗaya a kowane gefe. Abin da ke haɗa cika da mas shi ne cunkoson jiki, wato mas a raba da cika. Litar ruwa kusan kilo ɗaya ce, litar man gyaɗa kusan giram 910, litar fetur kuma kusan giram 740. Don haka jarka mai lita 25 idan aka cika ta da man girki, man zai yi kusan kilo 23, ba 25 ba. Wannan bambanci ne ya sa mai ke tasowa saman ruwa.

Haka abin yake a hatsi. Kwanon gero da kwanon garin rogo cikarsu ɗaya, amma nauyinsu ya bambanta. Sabon hatsi mai danshi yana ƙanƙancewa ya kuma rage nauyi idan ya bushe, hatsin da aka girgiza kuma ya fi zama a kwano fiye da wanda aka zuba sama-sama. Shi ya sa ba za a iya cewa kwano ɗaya kilo kaza ne ba sai an faɗi abin da ke cikinsa. Masu sari a Singa sun fi dogara da nauyin da masana'anta ta rubuta, kamar buhun sukari ko fulawa ko shinkafa mai kilo 50, amma mai sayar da ɗaiɗai yana buɗe buhun ya auna da kwano. Ribarsa ko asararsa tana cikin yawan kwanon da buhun ya fitar.

Zafi ma yana taɓa cika. Fetur yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin dubu a duk ƙarin digiri ɗaya, don haka a cinikin mai na manyan tankoki ake mayar da lissafi zuwa digiri 15. Iskar gas ta girki kuma, da yake cikarta tana canzawa ƙwarai da matsi da zafi, da kilo ake sayar da ita.

Lokaci da zafi da lantarki

Kafin agogo ya yaɗu, ana sanin lokaci da matsayin rana da tsawon inuwa, aka kuma raba yini zuwa asuba da hantsi da walaha da azahar da la'asar da almuru. Agogon Najeriya yana gaban na Greenwich da awa ɗaya, wato an saita shi da layin digiri 15 na gabas. Kano tana kusan digiri 8.5, kowane digiri kuma minti huɗu ne, don haka rana tana kaiwa tsaka a Kano ne a matsakaici wajen ƙarfe 12:26 ba 12:00 ba.

A awon zafi, digiri 0 na Selshiyos daidai yake da kelbin 273.15. Zafin jikin mai lafiya kusan digiri 37 ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, amma da yake Kano tana tudun da ya kusa mita 500 sama da teku, inda matsin iska ya ragu, yana tafasa a kusan digiri 98. Ruwan sama ana aunawa da milimita, milimita ɗaya kuma na nufin lita ɗaya ta zuba a kan kowane murabba'in mita.

Wutar gida a Najeriya an tsara ta a kan bolt 230. Abin da ake kira "yunit" a mitar wuta shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, wato jul miliyan 3.6. Dutsen guga mai wat 1,000 yana cin yunit ɗaya cikin awa ɗaya, ƙwan fitila mai wat 10 kuma sai ya yi awa 100 kafin ya ci haka.

Kuskure a awo

Babu awon da ya kuɓuta daga kuskure, don haka masana ke rubuta sakamako tare da iyakar shakkarsa, misali santimita 25.4 da ƙari ko ragin 0.1. Kuskure iri biyu ne. Na farko shi ne na katsaham, wanda ke faɗawa sama wani lokaci, ƙasa wani lokaci, kamar bambancin tudun hatsi daga kwano zuwa kwano. Ana rage shi ta maimaita awo a ɗauki matsakaici. Na biyu shi ne mai bin hanya ɗaya, kamar sikelin da allurarsa ba ta kan sifili, ko tef ɗin da ya miƙe saboda tsufa. Maimaitawa ba ta gyara wannan, sai an gwada kayan awon da wani ingantacce.

Daga nan ake bambanta daidaituwa da inganci. Sikelin da ke nuna kilo 1.10 sau biyar a jere a kan abu mai kilo ɗaya yana da daidaituwa, amma ba shi da inganci. A ɗakin gwaje-gwaje ana koya wa ɗalibai su duba sifili kafin awo, su sa ido daidai saitin alama maimakon a karkace, su kuma karanta ruwa a ƙasan lanƙwasar da yake yi a bututun gilashi.

Ƙaramin kuskure yana girma idan ya taru. Kwanon da ya gaza da kashi 5 cikin 100 yana cinye kwano biyu a duk 40. A magani abin ya fi haɗari: miligiram 500 rabin giram ne, cokalin awon maganin ruwa kuma mililita 5 ne, alhali cokulan gida girmansu ya bambanta. Rikita ma'aunai ya taɓa jawo asara har a binciken sararin samaniya. A Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbon da ta tura domin nazarin yanayin duniyar Mars, saboda wata manhaja ta fitar da lissafin ƙarfi da fam, wadda ta karɓa kuma ta ɗauka niyuton ne.

Doka da sa ido

Kuskure na faruwa ba da niyya ba. Idan da gangan aka rage, shi ake kira tauye mudu, kamar a bubbuga gindin kwano ya shige ciki, ko a saya da babban mudu a sayar da ƙarami, ko a taɓa saitin sikeli ko famfon mai. Musulunci ya yi hani mai tsanani a kan haka, har akwai sura guda a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, da aka sa wa sunan masu tauye awo. A tsarin gargajiya Sarkin Kasuwa da shugabannin sana'a ne ke sasanta rikicin awo.

Najeriya ta koma tsarin mita a farkon shekarun 1970, a zamanin da ta sauya kuɗinta daga fam da sule zuwa naira da kwabo ranar 1 ga Janairu 1973. Dokar Awo da Ma'aunai ta 1974 ce ta tsara ma'aunan da aka amince a yi ciniki da su, Kundin Tsarin Mulki na 1999 kuma ya sanya batun awo cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Sashen Awo da Ma'aunai na Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya ne ke da alhakin duba sikeli da famfunan gidajen mai da kayan da aka ƙunshe, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, wadda aka kafa a 1971, kuma tana kula da ma'aunan ƙasa na gwaji.

Aikin yana tafiya ne kamar sarƙa. Ana gwada sikelin shago da dutsen awon jami'in dubawa, a gwada na jami'in da na ƙasa, na ƙasa kuma da ma'anar da SI ya bayar. Idan sarƙar ba ta tsinke ba, kilon da aka auna a Sabon Gari shi ne kilon da ake aunawa a Legas ko Maraɗi ko Guangzhou. Mudu da kwano ba sa cikin wannan sarƙa, don haka amincinsu ya dogara ne da sa idon shugabannin kasuwa da gaskiyar mai awo, da kuma sanin mai saye game da abin da ake auna masa.